Kama da Wane Ba Ta Wane: Lambar Nau'in Inji da Iyakokin Musayar Kayan Gyaran Mota

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi lambobin da kamfanonin ƙera motoci ke bugawa a jikin inji domin bayyana nau'insa, da irin taimakon da suke yi wajen sanin kayan da za a iya cirowa daga wani inji a ɗaura wa wani. Matsayarta ita ce, sayen kayan gyara da sunan mota ko da gwajin ido ya daina wadatarwa tun da kwamfuta ta karɓi ragamar inji. Lambar nau'in inji ce matakin farko da ba makawa, amma ita ma ba ta yanke hukunci sai an haɗa ta da shekarar ƙira, da kasuwar da aka ƙera motar dominta, da lambar kayan kansu. An kafa hujja da injinan Toyota da Honda da Volkswagen da Peugeot, domin su ne suka fi yawa a garejojinmu.

Gabatarwa

Mafi yawan motocin da ke bin titunan Kano da Kaduna da Sakkwato da Maraɗi da Yamai sun riga sun yi shekaru suna aiki a Amurka ko Kanada ko Turai kafin jirgin ruwa ya sauke su a Legas ko Kwatano ko Lome. Kayan gyaransu ma ta wannan hanya suke biyowa. Tsofaffin injina, cikakku da waɗanda aka farke, waɗanda ake kira Beljiyam ko tokumbo, su ne suka cika rumfunan Ladipo a Legas, da Ƙofar Ruwa a Kano, da Panteka a Kaduna, da Apo a Abuja, da Suame a Kumasi. Saboda haka cire abu daga wannan inji a ɗaura wa wancan shi ne ginshiƙin da harkar sufurinmu ta dogara a kai. Direban haya da injinsa ya buga ba shi da halin jiran oda daga kamfani. Abin da yake tambayar bakanike shi ne ko akwai wanda zai shiga, bakanike kuma ya ɗauki tsohon ƙarfen ya nufi kasuwa domin a gwada shi da wani.

Wannan al'ada ta gwaji da ido tana da asali mai kyau, kuma bai kamata a raina ta ba. A zamanin da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, wato daga 1975, ƙirar 504 ce ta mamaye tituna, kuma injinanta na fetur da aka fi sani iri biyu ne, XM7 mai lita 1.8 da XN1 mai lita 2.0, dukansu da kafireto suke shan mai. Bakanike ɗaya yana iya haddace kowane noti na waɗannan injina, kuma duk abin da inji ke yi ana ganinsa ko a ji shi da kunne. Abin da ya sauya shi ne zuwan kwamfutar inji, wadda kanikawa ke kira birenbos. Tun daga 1996 doka ta wajabta wa duk ƙananan motocin da ake sayarwa a Amurka tsarin binciken matsala na OBD-II, Turai kuma ta bi sahu a 2001 ga motocin fetur. Daga nan rabin aikin inji ya koma saƙonnin lantarki da ido ba ya gani, alhali hanyar sayen kaya a kasuwanninmu tana nan yadda take a zamanin 504. Giɓin da ke tsakanin waɗannan abubuwa biyu shi ne batun wannan maƙala.

Abin da lambar ke faɗa

Da farko ya kamata a rarrabe lambobi biyu da ake yawan cuɗawa. Akwai lambar jeri, wadda kowane inji ke da tasa shi kaɗai, ita ce ake rubutawa a takardun mota. Akwai kuma lambar nau'i, wadda dubban injina iri ɗaya ke tarayya a cikinta, yawanci ana buga ta a jikin bulok kusa da ta jerin. Ta biyun ce ke da amfani ga mai neman kayan gyara. Toyota ta fi kowa tsara ta yadda za a karanta. A 1ZZ-FE, haruffan ZZ sunan dangin injin ne, alƙalamin farko yana nuna wane ne daga cikin 'yan dangin, haruffan da ke bayan layi kuma suna bayyana fasali. F na nufin kan inji mai kamshaf biyu da aka tsara domin tsimin mai, G na nufin wanda aka tsara domin gudu, E na nufin nozul mai aiki da lantarki, T na nufin tabo. Idan S ta shigo, kamar a 1AZ-FSE, ana fesa man ne kai tsaye cikin silinda. Idan X ce, kamar a 1NZ-FXE na Prius, injin na mota ce mai haɗa fetur da batir. Abin lura shi ne alƙalamin farko ba girma yake nunawa ba: 1ZZ lita 1.8 ne, 3ZZ lita 1.6, 4ZZ kuwa lita 1.4. Wanda ya ɗauka cewa lamba mafi girma ita ce inji mafi girma ya riga ya kauce tun daga matakin farko.

Honda da Nissan sun sa girman injin a cikin lambar. K24 ɗan dangin K ne mai lita 2.4, F23 ɗan dangin F ne mai lita 2.3, QR25DE na Nissan kuma mai lita 2.5 ne. A wurin Honda harafi da alƙalamin da ke biyo baya, kamar A4 ko A8 ko Z2, su ne ke rarrabe ƙira daga ƙira, kuma a nan ne yawancin kurakurai ke faruwa. Mercedes-Benz tana fara lambar injin fetur da M, ta gas kuma da OM, kamar OM352 da ke cikin babbar motar nan 911. Peugeot tana da suna biyu ga kowane inji, na dangi kamar EW10J4, da na haruffa uku kamar RFN wanda ke fitowa a cikin lambar casis. Volkswagen ce ta fi wahala, domin haruffanta ba sa fassaruwa. AAM da ABS duka injina ne masu lita 1.8 a Golf 3, na farko ƙarfin doki 75, na biyu 90, kuma babu abin da ke cikin haruffan da zai sanar da mutum haka sai ya duba kundin kamfani.

Amfani na farko da wannan karatu ke yi shi ne raba mutum da dogaro ga sunan mota. Kasuwa ta saba laƙaba wa motoci suna bisa siffar jikinsu, irin su Hala da Anakonda a gidan Honda, amma jiki ɗaya yana iya ɗaukar injina da ba su haɗa komai ba. Camry ta 2007 zuwa 2011 siffa ɗaya ce kuma suna ɗaya ake kiranta da shi, sai dai a kasuwar Amurka ta 2007 zuwa 2009 tana ɗauke da 2AZ-FE mai lita 2.4, ta 2010 da 2011 kuma tana ɗauke da 2AR-FE mai lita 2.5, wanda ɗan wani dangi ne dabam, da giyabos dabam. Misalin Sharan ya fi wannan ban sha'awa, ganin yadda 'yan haya suka dogara da ita a hanyoyin Arewa. Volkswagen Sharan da Ford Galaxy da SEAT Alhambra na farko a masana'anta ɗaya aka ƙera su a ƙasar Fotugal daga tsakiyar shekarun 1990, kuma kayan jikinsu da yawa suna shiga juna. Injin gas mai lita 1.9 da na VR6 mai lita 2.8 na Volkswagen ne a cikinsu duka. Amma Galaxy mai shan fetur ta lita 2.0 ko 2.3 injin Ford ne a cikinta, ba shi da dangantaka da injin lita 2.0 na Sharan. Akasin haka ma yana faruwa: Pontiac Vibe sunan kamfanin Amurka take ɗauke da shi, amma 1ZZ-FE ne a cikin yawancin na farkonta, irin na Corolla da Matrix. Mai Vibe da ya san lambar injinsa yana da babbar kasuwar kaya a gabansa, wanda bai sani ba kuwa zai yi ta neman kayan Pontiac da ba a cika samu ba.

Inda lambar ta tsaya

Da a ce daidaituwar lamba ita ce ƙarshen magana, da wannan maƙala ta tsaya a nan. Matsalar ita ce kamfani yakan ci gaba da gyara inji shekara da shekaru ba tare da ya sauya masa lamba ba. 1ZZ-FE na Corolla ta Amurka ta 1998 da 1999 ba shi da tsarin VVT-i mai sauya lokacin buɗewar bawul, daga 2000 aka sa masa, wanda ke nufin kan injin da kamshaf ɗin shaƙa da wayoyi da kwamfuta duk sun bambanta. Daga 2005 kuma aka cire kebur ɗin totur aka mayar da shi na lantarki. Ga ƙira uku ke nan a ƙarƙashin lamba guda. 1MZ-FE mai silinda shida da ke cikin Camry da Sienna da Avalon da Lexus RX300 shi ma akwai mai VVT-i akwai marar shi, kuma ba a shekara ɗaya aka sauya wa waɗannan motoci ba. Ƙari a kan haka, inji ɗaya da aka saka a motoci dabam-dabam yakan zo da kaskon baƙin mai, da kujerun inji, da manifol da suka dace da ramin kowace mota. Shi ya sa ƙwararru kan sayi tsakiyar injin kawai, su mayar masa da kayan waje na tsohon injin motar.

Kasuwar da aka ƙera motar dominta wani shinge ne da ba a cika kula da shi ba, kuma mu ne ya fi shafa, domin titunanmu sun tara motocin kowace nahiya. Accord ɗin Amurka ta 2003 zuwa 2007 da Accord ɗin Turai ta waɗannan shekaru motoci biyu ne dabam masu suna ɗaya. Ko a cikin Amurka kanta, jihar Kalifoniya tana da dokokin hayaƙi masu tsauri fiye da na tarayya, abin da ya sa Camry mai 5S-FE ta ƙarshen shekarun 1990 da aka yi wa wannan jiha take amfani da sansar salansa ta wani iri, mai auna ma'aunin iska da mai, yayin da ta sauran jihohi ke amfani da tsohuwar sansar oksijin. Takardar da aka liƙa a ƙarƙashin bonet tana faɗin wace ce wace, amma da wuya a ga mai saye ya karanta ta.

Shiga daban, aiki daban, ɗorewa daban

Hujjar wannan maƙala ta fi fitowa idan aka raba kalmar dacewa gida uku, domin abin da ake nufi da ita a bakin rumfa shi ne mataki na farko kawai, wato ƙarfen ya zauna a gurbinsa noti ya ɗauru. Sansar salansa da aka ambata misali ce mai kyau. Nau'o'in biyu zarensu ɗaya ne, kowace tana ɗauruwa a ramin 'yar'uwarta, amma saƙon lantarkin da suke aikawa ba iri ɗaya ba ne. Kwamfutar da ta karɓi saƙon da ba ta gane ba za ta kunna fitilar gargaɗi ta koma ba da mai bisa ƙiyasi, motar ta riƙa shan mai fiye da ƙima tana baƙanta filogi. Filogin ma haka yake. Na 2AZ-FE da na 2GR-FE duka zarensu milimita 14 ne, amma tsawon zaren na farko milimita 19 ne, na biyu 26.5. Gajere a ramin dogo zai ɓuya ya kasa ƙona mai yadda ya kamata, dogo a ramin gajere kuwa yana iya cin karo da fistin. Nozul biyu masu kama da juna suna iya bambanta a yawan man da suke fesawa a daƙiƙa, kwamfuta kuma lokacin buɗewa kawai take lissafawa, ba ta san an sauya mata nozul ba. Har haƙoran faifan da sansar karanshaf ke ƙirgawa ba ɗaya ba ne, Toyota da yawa suna da 34, injinan Volkswagen da Peugeot da yawa suna da 58, kuma kamfani ɗaya yakan sauya tsarin daga ƙira zuwa ƙira.

A cikin dangi ɗaya ma, tarayya a wani awo ba ta nufin tarayya a sauran. 1ZZ da 3ZZ da 4ZZ faɗin ramin silindarsu ɗaya ne, milimita 79, shi ya sa fistin ɗin ɗaya ke shiga ramin ɗaya. Bambancin girmansu daga tsawon tafiyar fistin yake, milimita 91.5 da 81.5 da 71.3, don haka karanshaf ɗinsu ba ɗaya ba ne, kuma tsayin fistin da ramin da ke samansa an lissafa su ne domin a sami wani matsi takamaimai. Fistin da ya ƙara matsi zai jawo ƙarar nokin da zafi, musamman a yanayi irin namu, wanda ya rage shi kuma zai kashe ƙarfin mota. 2ZZ-GE, wanda Toyota ta ƙera tare da Yamaha, lita 1.8 ne kamar 1ZZ-FE kuma sunan danginsu ɗaya, amma raminsa milimita 82 ne, tafiyar fistinsa 85, kayan cikinsu ba sa musayuwa. 1NZ-FE da 1NZ-FXE girmansu ɗaya, lita 1.5, amma matsin na farko 10.5 ne, na biyu 13, saboda na biyun yana jinkirta rufe bawul ɗin shaƙa. 1AZ-FE da 1AZ-FSE harafi ɗaya ne ya raba su, sai dai wannan harafi yana nufin wani kan inji, da wasu fistina, da famfon mai mai matsi mai tsanani da kamshaf ke juyawa. A gidan Honda, K24A4 na Accord ta 2003 zuwa 2005 da kebur totur ɗinsa ke aiki, K24A8 na 2006 da 2007 da lantarki, K24Z2 na 2008 kuwa an zuba manifol ɗin hayaƙinsa a cikin kan injin, ta yadda salansar tsohon ba ta da inda za ta ɗauru.

Mataki na uku, wato ɗorewa, shi ne mafi haɗari, domin kuskurensa ba ya bayyana a gareji. Metal ɗin karanshaf ana zaɓensa ne da tazarar da ba ta kai kaurin gashi ba. Toyota kan buga alƙaluma a jikin bulok da karanshaf domin zaɓen wanda ya dace, Honda kuma launi take amfani da shi, sannan idan an kai karanshaf injin gogewa sai an nemi metal mai ƙarin kauri daidai da abin da aka goge, milimita 0.25 ko 0.50. Gasket ɗin kan injinan gas na Volkswagen kauri uku ne, ana gane su da huda ɗaya ko biyu ko uku a gefe, ana kuma zaɓa bisa yadda fistin ya ɗago saman bulok. Inji zai tashi da kowanne daga cikinsu, mai mota ya biya ya tafi yana godiya. Bayan wata uku ko shida, a tsakiyar hanyar Zariya ko Gusau, sai matsin baƙin mai ya faɗi ko gasket ya ƙone, a ɗora laifin a kan baƙin mai ko direba ko tsufan mota. Abin da ya sa gwajin ido bai rasa martabarsa ba har yau shi ne nisan da ke tsakanin ranar kuskure da ranar sakamako, ba a iya haɗa su a gane wanne ya haifi wanne.

Maganin wannan duka yana nan a rubuce, wato lambar kaya. Ta Toyota alƙaluma goma ce kashi biyu, biyar ɗin farko suna faɗin irin kayan, misali 89661 kwamfutar inji ce, 22204 sansar auna iska, 11115 gasket ɗin kan inji, biyar ɗin ƙarshe kuma su ne ke faɗin ƙirar da ya dace da ita. Ta Volkswagen gida uku ce, sau da yawa da harafi a ƙarshe mai nuna gyaran da aka yi wa kayan. Kundin kamfani yana nuna duk motocin da lamba ɗaya ta shafa, da sabuwar lambar da ta maye gurbin tsohuwa. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci, domin wani lokaci sabon ya fi na asali. Injinan 1ZZ-FE na farko sun yi suna da shan baƙin mai, daga baya aka sauya fasalin fistinsu, don haka wanda ya nace sai irin wanda aka ciro daga motarsa zai iya sake sayen matsalar da kuɗinsa. Hanyar shiga kundin ita ce lambar casis mai gurbi 17, wadda aka daidaita tun 1981. A motocin Amurka da Kanada gurbi na goma shi ne shekarar ƙira, Y ita ce 2000, 1 zuwa 9 su ne 2001 zuwa 2009, A kuma 2010.

Hujjojin masu ja

Ja na farko da za a yi shi ne cewa tsofaffin kanikawa sun san waɗannan abubuwa ba tare da kundi ba, kuma suna haɗa injinan da kamfani bai taɓa haɗawa ba su yi aiki. Wannan gaskiya ne, kuma ya cancanci girmamawa. Ɗora kan K20 a kan bulok ɗin K24 sanannen aiki ne a duniya, mayar da Avensis mai 1AZ-FSE zuwa 1AZ-FE kuma aiki ne da ake yi a garejojinmu. Amma duk wanda ya dubi yadda ake yin waɗannan ayyuka da kyau zai ga sun ƙarfafa hujjar maƙalar ne. Mai yin su ya san cewa bulok ɗin K24 ya fi na K20 tsayi, don haka sarƙar tayimin da murfinta na K24 zai yi amfani da su, kuma ya san sauya FSE zuwa FE yana buƙatar wayoyi da kwamfutar da suka dace. Ilimin lamba ne yake aiki da shi ko da bai kira shi da wannan suna ba. Damuwar ita ce wannan ilimi a kan mutum ɗaya yake zaune, yaron gareji yana tsintarsa ne ta hanyar ɓata motocin mutane, kuma yawan ƙire-ƙiren da ke shigowa yanzu ya wuce abin da kai ɗaya zai riƙe.

Ja na biyu na kuɗi ne, cewa talaka ba zai iya sayen kayan kamfani ba, abin da ya samu shi zai ɗaura. A nan an fahimci maganar a baibai. Karanta lamba bai tilasta wa kowa sayen sabo ba, hasali ma faɗaɗa masa kasuwar tsoho yake yi. Wanda ya san 2AZ-FE yana cikin Camry da RAV4 da Highlander da Scion tC, ko 1MZ-FE na Lexus ɗan'uwan na Camry ne, yana da damar saye a inda ya fi sauƙi maimakon biyan kuɗin suna. Kuma asarar da ta fi cin talaka ita ce sayen abu sau biyu da biyan kuɗin aiki sau biyu, ga kwanakin da motar haya ta yi a ajiye ba ta kawo komai ba.

Ja na uku ya fi sauran nauyi. Ana buga lambar ƙarya a jikin jabun kaya, kuma motoci da yawa an riga an sauya musu inji, ta yadda lambar casis ba ta faɗin abin da ke ƙarƙashin bonet. Dole a amince cewa lamba ba ta tabbatar da inganci, tana dai faɗin abin da ya kamata a nema. Jabu matsala ce ta sa ido da hukunci, kuma barin karanta lamba ba ya rage ta, sai dai ya ƙara wa mai jabun sauƙi. Batun injin da aka sauya kuwa amsarsa ita ce a goge bulok a karanta abin da aka buga a jikinsa, a kwatanta da lambar casis da lambar da ke jikin kwamfuta. Idan ukun suka saɓa, an gano tushen matsalolin motar da dama tun kafin a kwance noti ɗaya. Wani hanzari kuma, a motoci da yawa na bayan 2000 kwamfuta tana ɗaure da makulli, a Peugeot irin su 307 da 406 ta baya har da akwatin da ke kula da lantarkin jikin mota, don haka kwamfuta mai lamba daidai ma ba za ta tayar da inji ba sai an daidaita ta da na'ura ko an sayo su a haɗe.

Akwai mai cewa kundin da Turanci yake, kanikawa da yawa kuma ba su yi nisa a boko ba. Amma lambar inji haruffa kaɗan ce, kuma mutumin da ke adana lambobin waya yana tura hotuna ta WhatsApp ba zai kasa ɗaukar hoton bulok ya tura wa mai rumfa ba. Abin da babu shi ne jadawali da Hausa, mai nuna injinan da suka fi yawa a ƙasarmu, da shekarun da aka yi musu sauyi, da kayan da ke musayuwa kai tsaye, da waɗanda sai an haɗa da wasu, da waɗanda ba sa musayuwa sam.

Kira

Wannan jadawali aiki ne da sassan koyar da aikin mota na kwalejojin fasaha za su iya yi tare da ƙungiyar kanikawa ta NATA da shugabannin kasuwannin kayan gyara, domin a wurin tsofaffin kanikawa rabin bayanin yake, sauran rabin kuma a kundin kamfanoni. Ya dace hukumar NBTE mai kula da ilimin fasaha da hukumar NADDC mai kula da harkar ƙera motoci su sa karatun lambar inji da lambar casis da lambar kaya a farkon duk wani horo da suke ba masu koyon sana'a. 'Yan kasuwa su riƙa rubuta nau'i da shekara da ƙasar da inji ya fito a jikinsa tun ranar da aka sauke kwantena, kafin a farke shi kayansa su cakuɗe da na wasu, su kuma rubuta waɗannan a rasit domin idan rigima ta taso a sami abin dubawa. Duk wanda aka sauya wa inji ya sa a gyara lambar a takardun motarsa, domin kare kansa a gaban hukuma da kuma sauƙaƙa wa bakaniken da zai taɓa motar a gaba. Mai mota kuma, ko da bai san komai game da inji ba, ya nemi bakanikensa ya nuna masa inda aka buga lambar, ya rubuta ta ya ajiye tare da takardun mota, kada ya biya kuɗin wani ƙarfe na cikin inji sai an nuna masa cewa lambarsa ta dace da ita.